Zaren Lamara da Ya Ƙi Yankuwa

Ranar Talata, 11 ga watan Maris, da hantsi, ɗanki Zaza ya kira ni ya ce kin cika a asibiti nan birnin Tibilisi. Lamara, ina tsaye ne a gaban firijinki na ɗakin bincikenmu. Sai na zauna a ƙasa.

Tare muka yi furfura a ɗakin nan muna kiwon faj, ƙananan halittun nan masu shiga cikin bakteriya su fasa ta. Ke kika koya mini ɗebo su daga ruwan kwata. Kina zura kwalba a bakin magudana, masu wucewa suna toshe hanci, ke kuwa kina ce musu, "Ku toshe da kyau, maganin jikokinku nake ɗiba." Da ƙafar mijina ta soma ruɓewa, allura da ƙwaya suka gaza, ke kika yi ta gwada kwalabenki ɗaya bayan ɗaya har aka dace. Da ƙafar nan ya taka yana ɗauke da akwatin gawarki.

Amma faj guda ce ta cinye miki shekaru. A aikinmu, in ana son sanin zaren DNA na faj, sai a zuba masa sinadarin da bakteriya ke datsa zaren maƙiyinta da shi, a duba gutsattsarin. Zaren wannan ya ƙi yankuwa. Kowa a ma'aikatar nan ya haddace hukuncin: zaren da bai yanku ba akwai datti a jikinsa, mai aikin ce ƙazama. Haka shugabanmu Gocha ya faɗa a gaban taro. Kika ce a'a, ɗaya daga haruffa huɗun da aka rubuta zaren da su ne ya yafa wani abu, shi ya sa sinadarin bai gane shi ba. "Batono Gocha," kika ce masa, wato Malam Gocha a harshenmu, "na wanke zaren nan fiye da yadda ake wanke maka riga. Ba datti ba ne, wayo ne." Kin tafi ba a ba ki gaskiyarki ba, kuma abin yana ci mini rai.

A wajen abincin makoki, Gocha ya miƙe da kofin giyar inabi ya yabe ki har da hawaye. Kowa ya sha bayansa kamar yadda aka saba. Ni na dire kofina a cike, domin da safiyar ranar ya ba da umarnin a kwashe firijinki, a dafe kwalaben a tukunyar kashe ƙwayoyi. Da ya ga ban sha ba, ya matso yana raɗa, yana kirana Malama a harshenmu, "Kalbatono Nunu, jikin ne?" Na ce, "Lafiyata ƙalau. Kwalaben da ka aika a dafa ne na riga ka kwashewa."

Kwalaben suna gidana, Lamara, a firijina, tsakanin cuku da tkemali, miyar nan tamu mai tsami. In korata Gocha zai yi, ya kora. Wataƙila kin yi kuskure, ban rantse ba. Amma gwaji ne zai faɗi haka, ba tukunya ba.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya haskaka makwancinki. Ya ba Zaza da ƙanwarki Tsiala da jikokinki haƙurin wannan rashi. Ni kuwa roƙona guda ne: kada ya ɗauki raina sai an karanta zaren nan harafi bayan harafi, Gocha yana zaune yana ji.