Matar da na haɗu da ita a layin masu kifi

Mun koma Garwa ne a shekarar da 'yata ta isa shiga makaranta. Maigidana ya riga mu zuwa, yana tsaron shagon kayan babur na kawunsa, sai da ya sami ɗaki biyu a gidan haya sannan ya aiko muka taho daga Talatar Mafara, ni da yara biyu. Matan gidan mutanen kirki ne, amma Fillanci suke yi. Da safe su ce mini "Jam na?" in ce "Jam", daga nan hira ta ƙare, kowa ta koma bakin murhunta.

Ranar Asabar ce kawai nake fita, ita ma babbar kasuwa muke zuwa gaba ɗayanmu. Maigida a gaba, ya saɓa ƙaramin a kafaɗa, ni a baya, babbar tana riƙe da gefen mayafina. Kasuwar ta fi duk wadda na taɓa shiga girma. Layin atamfa kaɗai sai ƙafa ta gaji, ga masu babur suna kutsawa tsakanin mutane, ga zafi yana saukowa daga kwanon rumfuna. A gida an san ni da iya ciniki, har maƙwabta kan ba ni saƙo. A nan kuwa sai dai in nuna abu da yatsa, maigida ya yi magana, a ƙulla a miƙo mini in sa a kwando.

Ba wai babu Hausawa ba. Mahauta da wasu 'yan tireda suna jin Hausa, kakanninsu daga wajenmu suka zo. Sai dai tasu ta cakuɗe da Fillanci da Faransanci, kuma da na buɗe baki sukan yi murmushi su ce, "Madam daga Najeriya ne?" In amsa, su yi mini sannu da zuwa, su juya ga mai saye na gaba.

Wata Asabar da damina maigida ya wuce wajen mahauta da yaran, ya bar ni a layin masu busasshen kifi, irin wanda ake kawowa daga Tibati, in zaɓa kafin ya dawo. Ina cikin jujjuya kifin na ji wata murya a bayana tana cewa, "Wanga kifi ai duk ƙaya na, mi za a ci cikinai?"

Na juya. Dattijuwa ce siririya, da tabarau mai kauri, ta ajiye buhu a gaban ƙafarta. Ita kaɗai take maganarta, don mai kifin bai ji me ta ce ba.

Na ce, "Inna, ina wuni?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Lahiya lau. Ke ɗiyar ina ta?"

Na faɗa mata. Ta kama hannuna ta ce ita mutuniyar Bakura ce, kusa da garinmu.

Mai kifin ya matsa mana benci muka zauna. Ba ta san gidanmu ba, ni ma ban san nasu ba, amma ta san kasuwarmu ta Talata, ta san inda masu sayar da hoce, wainar dawar nan ta wajenmu, ke zama. Ta tambaye ni ko har yanzu ana noman shinkafa da dankali a bakin madatsar ruwa, na ce ana yi, sai dai mutane sun rage kwana a gona saboda tsoro. Ta ce aure ya kawo ta Mayo-Oulo, wani gari mai ɗan nisa da Garwa, tun tana da ƙuruciya, mijin ya rasu, 'ya'yanta duk can suka yi aure. Yau ma asibitin ido ta zo, ta biyo ta yi cefane. Rabonta da gida tun rasuwar yayarta.

"'Ya'yana na jin Hausa," in ji ta, "amma in na yi tamu ta gida dariya sukai."

Ni kuma na yi ta zuba. Na ba ta labarin ɗakinmu da ba ya shan iska, da miyar kukar da ta ƙi yi mini daɗi tun zuwana, da yadda 'yata ta fara amsa mini da Faransanci. Ban san na tara magana haka ba.

Maigida ya dawo da nama, ya gaishe ta, ya koma gefe ya tsaya da yaran. Ƙaramin ya fara kukan ƙishi, ya saya masa ruwan leda, bai ce mini mu tafi ba.

Na ce, "Inna, ki zo gida ki ci abinci, ba nisa."

Ta ce, "Ɗiyata, da na so. Mota ba ta jira, kuma in ruwa ya sauko hanyarmu ba ta biyuwa."

Ba ta da waya, sai ta sa na ɗauki lambar ɗan mijinta daga katin asibitinta. Maigida ya tsayar mata da mai babur da zai kai ta tasha, ya ɗora mata buhun. Ta sa wa yaran albarka, ta hau a karkace tana riƙe da tabarau, suka shige cikin jama'a.

Bayan kwana biyu na kira. Wani namiji ya ɗauka da Fillanci, na miƙa wa 'yata ta gwada ɗan Faransancinta, ta ce wai ya ce tsohuwa tana gona. Na sake kira a wani makon, layin bai shiga ba. Daga baya ma aka ce lambar a kashe take.

Na ci gaba da tsayawa a layin kifi duk Asabar, ko ba kifi za mu saya ba. Maigida ya lura, sai ya riƙa daɗewa a wajen mahauta. Wata rana muna komawa gida ya ce, "In kasuwa ta yi sauƙi bayan Salla, sai in kai ki Mayo-Oulo ɗin."

Na ce to. Sai a lokacin na tuna ban tambaye ta unguwarsu ba, ban kuma san sunan mijinta ba. Salla ta zo ta wuce, shago bai ba shi sarari ba, ni ma ban sake tayar da maganar ba.