Albarkar da Balarabe Bai Gane Ba

A shekarun da nake gabatar da shirin wasanni a wani ƙaramin gidan rediyo a Maraɗi, babu lokacin da na tsana kamar lokacin cinikin 'yan wasa. Kowa ɗan jarida ne. Mai shayi ya ji, ɗan kabu-kabu ya gani a waya, kuma duk a kaina ake saukewa, ni mace ɗaya tilo da ta yi karambanin shiga maganar ƙwallo.

A wata damina wani hoto ya cika garin. Ɗan wasan gaban ƙungiyarmu, yaron Tibiri da muke ji da shi, yana tsaye, kawunsa kuma yana musabaha da wani Balarabe mai faɗin murmushi. Wani shahararren ɗan jarida na babban birni ya sa hoton a shafinsa ya rubuta da Faransanci cewa an gama, yaro ya tafi Arewacin Afirka. Kafin la'asar sauran gidajen rediyo sun ɗauka. A Sabon Gari har an fara zagin shugabannin ƙungiya, wai sun sayar da gari.

Daraktanmu ya kira ni ofis.

"Kowa ya hwaɗa, ke kina jiran mi?"

Na ce ban ji daga bakin kowa ba, hoto kawai na gani. Ya ce in ban sanar ba a shirin Juma'a, zai ba wani abokin aikina filin, wani mai zaƙin murya da ke karanto duk abin da wayarsa ta haɗiya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekaru ina gina shirin nan, a ce zan rasa shi saboda na ƙi zama aku.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa Tibiri. Kawun yaron, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, dillalin shanu ne. Na tarar da shi a ƙofar gida yana gyaran igiya. Bayan gaisuwa na nuna masa hoton, na ce, "Baba, ashe kun sallama yaro?"

Ya kalle ni kamar na zage shi.

"Wa ya sallama? Ɗiyata, zama munka yi. Mutumen ya yi tayi, tahinta ya hwassara mini, na ji abin bai kai ba, na dube shi na ce albarka. Sai na ga ya miƙe yana dariya, ya kama hannuna yana girgizawa. Na ce wanga baƙo akwai haƙuri, an ƙi tayinshi yana murna."

Dariya ta kusa kayar da ni daga kan benci. Duk wanda ya taɓa sayen ko da kaza a ƙasar Hausa ya san in mai kaya ya ce albarka, to bai sayar ba, ƙara ko ka yi gaba. Balarabe kuwa ya ji kalmar da ta yi kama da ta garinsu, ya zaci an sa wa ciniki albarka. Kafin tafinta ya buɗe baki an ɗauki hoto, kuma hoton ya riga gyaran isa babban birni.

Na nemi izinin tsohon na naɗi muryarsa. Ranar Juma'a na buɗe shirin da cewa yaronmu bai je ko'ina ba, na saki maganar kawu. Wayoyi suka yi ta shigowa. Wasu suka ce na biya tsoho ya yi ƙarya. Wani ya ce in koma in ji da tukunyata, wai ni wace ce da zan ƙaryata babban ɗan jarida. Darakta yana bayan gilashi fuska a murtuke. Ya ce Lahadi akwai wasa, a nan za a san wanda zai ci gaba da shirin.

Ban taɓa jin tsoron filin ƙwallo irin na wannan Lahadi ba. 'Yan wasa suka fara fitowa. Sai ga yaron Tibiri a tsakiyarsu, da rigar ƙungiyarmu, yana tsalle yana ɗaga wa jama'a hannu. Filin ya ɗauki ihu. Na manta ni 'yar jarida ce, na saki guɗa da iyakar ƙarfina, maza na waiwayowa, ko a jikina.

Shahararren ɗan jaridar nan ya goge hotonsa a ɓoye. Darakta ma bai ba ni haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Ranar Litinin dai muna taro sai abokin aikin nan nawa ya ɗaga waya cikin zumuɗi, wai an ce mai tsaron ragarmu zai koma wata ƙungiya a Najeriya, a ba shi dama ya sanar yanzu. Darakta ko kallon wayar bai yi ba. Ya nuna ni da biro.

"Bari sai ta je ta dawo."