Tsohon Da Ke Gadin Bakin Mutane

A wajen nunin tsofaffin motoci na Iskandariyya, wani tsoho mai kwat ɗin da ta yi masa yawa ya kasa zama. Sai zagaya koriyar motarsa yake da tsumma a hannu, yana shafa shuɗin dutsen maganin kambun baka da ke lilo a madubinta. Da gani motar ta daɗe a kulle, ƙila tun rasuwar matarsa, wadda mayafinta ke kan kujerar gaba.

Wani ɗan kallo ya ce, "Kai, Alhaji, wannan ai amarya ce!"

"Ka ce masha Allah! Ba a koya maka a gida ba?"

"To in bakin mutane kake tsoro, me ya fito da kai?"

Tsohon ya dubi mayafin. "Marigayiya ce ke son a gan mu a ciki."

Ya ci gaba da zagaye.