Ranar da Na Kira Japanawa Mutanen Baka

Ko haƙorana sun zube don tsufa, ba zan manta da ranar da na kare kundin digirina na uku a Kuala Lumpur ba.

Finafinan Japan na je nazarta, wai don in fahimci al'adun mutanen. Gaskiyar magana, a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan gidanmu a unguwar Setapak na yi yawancin kallon, saboda intanet ɗinsu kyauta ne. Wurin ba ya rabo da hayaniya, sai in kashe muryar fim ɗin, in bi fassarar Turanci da ido ina tura roti, gurasar can. Da haka na zama masani, har abokai suna ce min Prof, ni kuwa ina amsawa ba kunya. Malamin da ke duba aikina kullum yana hanyar taro, "boleh, boleh", wato "ya yi, ya yi" da harshen Malay, kawai yake cewa ya sa hannu.

Babban abin da na gano shi ne Japanawa masu kawaici ne, ba sa ɗaga murya. Ina za su ɗaga, ni na kashe ta?

Ranar jarrabawa aka zo da wani dattijon farfesa ɗan Japan. Tallafin karatuna ya ƙare a watan, in na faɗi sai dai in koma Kano hannu rabbana, inda tuni Hajiya ta gaya wa unguwa ɗanta ya kusa zama dakta. Don in burge shi, na ce finafinansu sun yi kama da abin da mu Hausawa ke kira adabin baka. Na rubuta kalmar "baka" ɓaro-ɓaro a allo, na ƙara da cewa, "Ku ma mutanen baka ne kamar mu."

Dattijon ya cire tabarau. A hankali ya tambaye ni fim nawa na kalla. Na ce sun fi ɗari.

"Kuma ba ka taɓa jin wannan kalmar ba?"

Ya karɓi kwamfutata, ya buɗe fim ɗin da na fi yabo a kundin, ya ƙure murya. Ba a yi minti biyu ba wata tsohuwa ta kwatsa wa mijinta tsawa: "Baka!" Ashe da harshensu wawa ke nan. Matar da na cika shafi goma ina yabon haƙurinta, zagin mijin take yi tun daga farko, mai fassara ne ya riƙa sassautawa.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai kayar da ni ba, amma ya ba ni wata shida in sake kallon komai da kunnena. Da aikin goge-goge a wani gidan abinci a unguwar Bukit Bintang na riƙe kaina har na gama.

Tun ranar ba na yanke wa mutane hukunci sai na ji su da bakinsu. Wanda ya toshe kunnensa, kowa mai kawaici ne a wurinsa.