Kwaɗon da Ya Hau Kwanson Tankin Kawu

Shekarar da na gama karatun odinato, wato kwamfuta, a Zinder na koma gida Matameye ina jiran aiki, kuma ba wanda ya yi murna da zamana kamar kawuna, yayan mamata. Yana da lambu a bayan gari inda yake noman rake da kabeji da albasa. Ya sayi famfo mai aiki da hasken rana, ya kafa tanki a kan ƙafafun ƙarfe. Damuwarsa ɗaya ce: in tanki ya cika ba ya nan, ruwa sai ya yi ta ambaliya yana kwashe masa dashen albasa.

"Ke da aka ce kina magana da inji," ya ce mini wata safiya yana karya mini rake, "ki faɗa wa famfon nan in ya cika ya tsaya. Kuma ya aiko mini saƙo a waya in sani."

Na ce ai wannan ƙaramin aiki ne. Na yi odar wani ɗan allo na lantarki wanda bai fi tafin hannu ba, direban taksi ya kawo mini daga Zinder cikin kwalin shayi. A cikin tanki kuma muka sa wani kwanso na roba mai iyo, wanda in ruwa ya ɗaga shi sama yake sanar da allon. Saura in rubuta umarnin da allon zai bi. Na zaɓi in rubuta da Rust, wani harshe na zamani da na koya a shekarar ƙarshe. Halinsa shi ne, kafin rubutunka ya shiga inji sai wani mai duba, wanda muke ce wa kompilato, ya karanta shi daga farko har ƙarshe. In ya hango inda za a samu matsala, ba zai bari ya wuce ba ko za ka yi kuka.

A gindin mangwaron lambun nake aiki. Na raba aikin gida biyu: wani sashe yana lura da ruwa, wani yana tura saƙo. Na danna, sai jan rubutu ya cika fuskar odinato. Na gyara, na sake dannawa, jan rubutu ya dawo.

"Haba kai kuwa!" na ce da ƙarfi. "Me kuma na yi maka?"

Kawu ya ajiye fartanya ya zo yana leƙe. "Da wa kike faɗa?"

Na yi masa bayani. Na ce sassan nan biyu dukansu suna son taɓa wuri ɗaya inda aka ajiye labarin tsayin ruwa, shi kuma mai dubawar ya ce bai yarda hannu biyu su shiga wuri ɗaya lokaci guda ba, don wani na iya canza abu yayin da ɗayan ke tsakiyar karantawa.

Kawu ya shafa gemu. "To ai gaskiyarsa ce," in ji shi. "Malamin nan ya san aikinsa. Ke ce ba ki jin magana."

Daga ranar sunan kompilato ya koma Malam. Kullum na iso lambu sai Kawu ya ce, "Yau Malam ya yarda?" In na ce a'a, ya yi ta dariya kamar an ba shi kyauta. Har ya faɗa wa mamata cewa an samu wanda ya fi ni taurin kai, ita kuma ta ce tana so a kawo mata shi gida ta gaisa da shi.

Daga baya na bi shawarar Malam. Na bar wa sashen lura da ruwa labarinsa shi kaɗai, in abu ya canza sai ya jefa wa ɗayan sashen takarda a layi, shi kuma ya ɗauka ya tura. Na danna, ba ja ko ɗigo. Muka ɗaure allon cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin tanki. Ruwa ya hau, kwanso ya ɗaga, famfo ya yi tsit, wayar Kawu ta yi ƙara a aljihu. Ba ya karanta boko sosai, amma ya gane kalmar nan: Ya cika. Ya zagaya lambunan maƙwabta duka yana nuna musu.

Muka yi kwanaki lafiya lau. Sai ranar da aka gayyaci Kawu suna a Yauri, ya sa babbar riga ya hau taksi. Da hantsi ina gida ina tsince shinkafa, sai ga kiransa.

"Ɗiyata, famfon nan ya haukace!"

Ta bayan muryarsa ina jin wayar tana ƙara ba tsayawa, ina kuma jin dariyar maza. Ashe ana cikin addu'a, liman ya ɗaga hannu, sai aljihun Kawu ya fara kiɗa. Ya cika. Ya ragu. Ya cika. Ya ragu. Ya rasa inda ake kashe ƙarar, ya cusa wayar cikin hula ya zauna a kai. Wani dattijo kusa da shi ya ce, "Alhaji, ko dai an ba ka muƙami ne ba ka faɗa mana ba?"

Na hau kabukabu na nufi lambu. Famfo na kunnawa yana kashewa kamar mai shaƙuwa. Na hau tsani na leƙa tanki, sai muka haɗa ido da wani ƙaton kwaɗo zaune bisa kwanson robar. In ya hau, kwanso ya nutse, allo ya ɗauka ruwa ya ragu. In ya yi tsalle ya faɗa ruwa, kwanso ya taso, allo ya ce ya cika. Ga alama wasan ya yi masa daɗi tun safe. Kuma rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke a wajen lambu da sanyin safiya, saƙonni suka taru a layi ba mai ɗauka, da ya dawo sai suka zubo wa Kawu gaba ɗaya a tsakiyar addu'a.

Na kashe allon, na kamo kwaɗon da bokiti na kai shi bakin fadama. Sannan na zauna gyara. Na sa allon ya daina gaggawar yarda da kwanso: sai labari ya tsaya a wuri ɗaya na ɗan lokaci kafin ya taɓa famfo. Layin saƙo kuma na rage shi ya zama gurbi ɗaya tak, in sabo ya zo ya ture tsoho, ta yadda ko rezo ya yi yini bai dawo ba, saƙo ɗaya ne zai isa, na ƙarshe.

Da la'asar Kawu ya sauka daga taksi, bai ko je gida ya tuɓe riga ba ya wuto lambu. Na ba shi labarin kwaɗo. Ya dafa ƙafar tanki yana dariya har hawaye, sannan ya gimtse fuska.

"To shi Malam me ya sa bai faɗa miki ba?"

"Kawu, shi abin da ke cikin rubutu yake gani. Bai taɓa leƙa tanki ba."

"Allah sarki," ya ce da tausayi na gaske. "Ashe shi ma a ɗaki ya yi karatunsa."

Washegari muka je kasuwa muka sayo ragar sauro ta ƙarfe, muka rufe bakin tankin. Muna ɗaurewa yana riƙe mini tsani, sai ya fara sabuwar magana: awakin maƙwabcinsa suna shigo masa ta ɓarin gabas suna cin kabeji, ko allon zai iya yi musu tsawa da muryarsa? Na ce sai dai ya gyara shinge. Ya ce in dai fara tambayar Malam tukuna. Na sauko, ya miƙo mini albasa cike da kwando in kai wa mamata, na ɗora a kai na kama hanyar gida.