Cikin Uwar Jarumi

Zanin ya ƙi zagaye ƙugun Hanne. Na ja, na sake ja, na ce, "Ke, me kika haɗiye?"

A wani gida ne da muka ara a Unguwar Sarki, zamanin kaset, ina mai kwalliyar 'yan fim. Ku yaran yanzu ba ku san aikin ba. Ni ke shafa wa Hanne toka a goshin gashi, in ja mata tamoji da kwalli, ta fito uwar jarumi, ita da ba ta kai talatin ba. Jarumin kuwa Sabitu ne. Duk gari an ɗauka soyayya yake da yarinyar da suke rawa tare a waƙa, darakta ma haka yake so a ɗauka, kaset ya fi tafiya.

Na dafa cikin. Ni da na sha haihuwa, ba a yi mini ƙaryar tuwo.

"Na wane ne?"

"Inna, ki rufa mini asiri. Wallahi da aurena. A Hayin Banki aka ɗaura, gaban kawuna. Na Sabitu ne."

"Ɗan naki?"

Ta fashe da dariya, sai kuma hawaye. Lokacin nan in mace ta yi aure, ta gama fim ke nan, ranar za a sallame ta. Ita kuwa da sana'ar take riƙe ƙannenta. Shi gogan ba abin da zai same shi, namiji ne.

Na ce ta share fuska kar ta ɓata mini kwalli. Na kwaso tsummokara na cusa mata gaba da baya har damatsa, na haɗa zani biyu na ɗaura, na yafa mata ƙaton mayafi.

Darakta na ganinta ya ce, "Inna, uwar nan fa siririya ce a farkon fim."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗanta ya yi arziki a labarin ko bai yi ba? Ka taɓa ganin uwar mai kuɗi a bushe?"

Ya ce a kunna kyamara.

A fitowar da za a ɗauka ranar, Sabitu zai durƙusa ya nemi izinin auren yarinyar rawar, uwa ta sa masa albarka. Ya durƙusa, ya kashe murya, ya shiga yabon idon yarinya da tafiyarta, har da ƙarin da ba a rubuta masa ba. Hanne ta dube shi, ta dube shi. Sai ji muka yi tas!

Darakta ya daka tsalle. "Kar a yanke! Haka uwa take!"

Sabitu ya taho wurina dafe da kunci, ga shatin yatsu biyar.

"Inna, marin nan fa ba ya cikin labari."

Na ce, "Zauna in shafa maka hoda, ango."