Jan Fulas na Kawu Tanko

Duk wanda ya san Kawu Tanko a unguwar Tandabawi ta Makka ya san shi da fulas ɗin shayi a hammata. Ja ne, murfinsa ya tsage an naɗe da tef. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zuwa asibiti, har gidan biki. Mutane suna cewa rowa ce, don kada ya sayi shayi a shago. Rowar akwai ta, ba na musu. Amma ni na san asalin fulas ɗin nan, domin dukiyata ce ta haife shi. Zan faɗa muku bi da bi, ba na son labari a hargitse.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Wata rana ya same ni a gidan da nake haya a unguwar Utaibiyya, ya ce, "Sa'idu, har yaushe za ka yi ta ciyar da mai gida da guminka? Banki na ƙwace gidajen waɗanda suka kasa biya, ana sayarwa a mazad da araha. Kawo abin da ka tara in haɗa da nawa. Mu sa biyu a haya, na uku ka tare da iyalinka."

Mazad shi ne gwanjo. Mu kuwa 'yan ƙasa ne tun kakanmu da ya iso ta Sudan, saboda haka takarda ba ta hana mu saye ba. Na duba tsarin, na ga ya tsaru. Na miƙa masa abin da na tara shekara da shekaru ina jigilar alhazai zuwa Arfa. A ranar matata Hajara ta fara ɗaure kwalaye.

Gida na farko, wata tsohuwa ce a ciki. Ɗanta ya ci bashin banki da gidan, ya ɓace. Da ciniki ya faɗa, na ce a tura mata takardar tashi. Kawu ya ce a'a, ba a shiga gidan mutane da takarda, da sallama ake shiga. Ya tafi bayan azahar, ya dawo gab da magariba yana ƙanshin na'ana'a.

Na ce, "Kawu, yaushe za ta tashi?"

"Wa?"

"Tsohuwar mana!"

"Kai, Sa'idu! Ta zuba mini shayi. Finjali biyu na sha, har da dabino. Da wane baki zan ce ta fita? Bakin da ya sha?"

Washegari ya ƙwace tsohon fulas ɗin mahaifiyata, don ba zai sayi sabo ba, ya rantse ba zai ƙara shan shayin kowa ba.

Gida na biyu na wani tela ne mai tarin 'ya'ya. Kawu ya cika fulas, ya tafi yana huci. Na ce yau kam an dace. Ya dawo fulas ba ko ɗigo.

"Kawu, ka sha nasu?"

"Wallahi ban sha ba. Na ce musu ina da nawa."

"Alhamdu lillahi. To yaushe za su tashi?"

"Ai ka ga, ba zan zauna ina sha suna kallona ba. Na zuba musu."

"To sai me?"

"Sai me? Sun zama baƙina, ya walad, kai yaro! A gidana, da shayina! Ka taɓa ganin wanda ya kori baƙonsa?"

Na tashi na yi alwala, ba don lokacin salla ya yi ba.

Wannan mutum fa shi ne zai tako daga Tandabawi zuwa Utaibiyya da tsakar rana don kada ya biya taksi. Amma da na'urar sanyaya ɗaki ta telan ta mutu, sabuwa dal ya kai masa. Da na yi magana ya zare mini ido: "Gidanmu ne fa! So kake zafi ya lalata mana jari?"

Gida na uku shi ne nawa, don haka na ce ni zan je da kaina. Mai gidan, Malam Idi, direba ne kamata. Motarsa ta kife, bayansa ya taɓu, aiki ya tsaya, banki kuwa bai tsaya ba. Na ƙi zama, na ƙi shayi, na faɗi abin da ya kawo ni ina tsaye a bakin ƙofa. Ya ce ya ji, ba laifi. Ina saukowa daga bene na ci karo da Kawu yana hawa, fulas a hammata.

"Ina za ka, Kawu?"

"Duba mara lafiya. An hana?"

Da ya fito ya ce a bar su sai bayan Hajji. Kun san mu mutanen Makka, komai sai bayan Hajji. Bayan Hajji ya ce yara suna tsakiyar karatu. Da aka yi hutu ya ce azumi ya matso, wane Musulmi ke tashin mutum da azumi a gaba? Bayan azumi kuwa, ga Hajji ya sake zagayowa. Na gaji da tambaya. Igiyar kwalayen Hajara har ta koɗe.

Ranar da Kawu ya rasu, tela da 'ya'yansa ne suka yi ta zagayawa da gahawa a zaman ta'aziyya. Tsohuwar ta aiko da dabino. Ni kuma 'ya'yan Kawu suka miƙo mini fulas, wai ya ce a ba ni. Na ajiye shi a kan firji, na ce ni ba irin Kawu ba ne.

Da aka share makoki na nufi gidan Malam Idi, hannu biyu ba fulas, fuska a ɗaure. Rana ta yi zafi, benen dogo ne, shekaruna kuma sun ja. Na isa ƙofa ina haki. Kafin in buɗe baki Malam Idi ya dogaro sanda ya miƙo mini ruwa mai sanyi, yana cewa, "Sannu Alhaji, ya haƙurinmu?" Sai da na ajiye kofin na gane abin da na yi.

Da na koma gida Hajara ta dubi fuskata ta ce, "Baban Maryam, ka sha?"

Na ce, "Ruwa ne kawai."

Ta ɗauko wuƙa ta yanke igiyar kwali na farko, ta fara mayar da tukwanenta kan kanta.

Har yau a haya muke. Fulas ɗin yana nan, yana riƙe zafi fiye da sababbi. Allah ya jiƙan Kawu Tanko, ya yafe masa, ni na yafe. Ya ba shi gidan da babu mai zuwa ya ce masa ya tashi. Amin.